Ciwon Sukari da Tiyatar Ƙafa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Matsalolin Jijiyoyin Jini Bayan Aiki

Wannan shafi na masu ciwon sukari ne da aka yi wa aiki a ƙafa, ko ake shirin yi musu, da kuma 'yan uwan da ke zaman jinyarsu. Ko fasa ƙurji aka yi, ko kankare ruɓaɓɓen nama, ko cire yatsa, ko ɗaure karayar idon sawu da ƙarfe, abu ɗaya ne ke warkar da wurin: jinin da ke isa can. Likita yana yanka ya ɗinke, amma jini ne ke haɗe nama. Bayanin da ke nan ba ya ɗauke muku zuwa wurin likitan da zai ga ƙafar da idonsa.

Akwai kalma ɗaya da ke rikita zance tsakanin likita da mara lafiya, wato jijiya. Iri uku ne suka shafe mu. Akwai jijiya mai kai jini daga zuciya zuwa ƙafa, ita ce ake jin bugunta. Akwai jijiya mai mayar da jini zuwa zuciya, irin wadda ake nema a hannu idan za a yi ƙarin ruwa. Sai jijiyar ji, wadda babu jini a cikinta, aikinta sanar da mutum zafi da sanyi da taɓawa. Ciwon sukari yana taɓa ta farko da ta uku, kwanciyar jinya kuma tana taɓa ta biyu.

Me ya sa aikin ƙafar mai ciwon sukari ya fi na sauran mutane haɗari?

Sukarin da ya daɗe yana sama yana lalata cikin jijiyoyi masu kai jini. Kitse ya taru a bangonsu, bangon ya yi tauri, hanya ta ƙuntace. A jikin mai sukari abin ya fi faɗa wa jijiyoyi ukun da ke ƙasa da gwiwa, kuma toshewar kan yi tsawo, ba wuri ɗaya ba. A ƙiyasin masana, kusan rabin masu sukarin da ke da gyambo a ƙafa suna da wannan ƙuntacewa.

Ga inda matsalar take. Ƙafa na iya shekaru tana rayuwa da ɗan jinin da ke isa gare ta, muddin fata ba ta tsage ba. Da zarar an yanka, buƙata ta ninka, domin rauni yana cin jini fiye da lafiyayyar fata nesa ba kusa ba. Jinin da ya ishi zaman lafiya sai ya kasa isar warkewa. Haka ma maganin kashe ƙwayoyin cuta, jini ne ke kai shi. In hanya a toshe take, komai tsadar allura kaɗan ce za ta isa wurin. Haɗarin ya fi yawa ga mai shan taba, mai hawan jini, mai ciwon ƙoda, da wanda ya haura shekara 10 da ciwon.

Ta yaya ake gane jini na isa ƙafar kafin a sa wuƙa?

Wannan ita ce tambayar da muke so kowane mara lafiya ya yi wa likitansa kafin ya sa hannu a takardar aiki, in dai ba aikin gaggawa ba ne.

Ana farawa da tambaya: sha-raɓarku tana riƙewa idan kun yi tafiya, misali daga gida zuwa masallaci, ta saki idan kun tsaya? Yatsu suna zugi da dare har sai kun sauko da ƙafa daga gado? Daga nan likita ya laluba bugun jini a wuri biyu, a saman ƙafa da kuma bayan idon sawu na ciki. Laluben hannu kaɗai ba ya wadatarwa, don haka ake amfani da 'yar na'urar sauraron gudun jini da ake kira Dofla. Lafiyayyar jijiya tana ba da sauti mai gaɓa uku ko biyu. Mai matsala tana ba da sauti ɗaya mai ja.

Sai awon da ake kira ABI. Mutum ya kwanta a miƙe kamar minti 10, a auna hawan jini a damtse, a auna a saman idon sawu, a raba na ƙafa da na hannu. In na ƙafa 90 ne, na hannu 150, sakamako 0.6 ke nan. Daga 0.9 zuwa 1.3 shi ne daidai. Ƙasa da 0.9 alamar ƙuntacewa ce. Ƙasa da 0.4, ko awon idon sawu ƙasa da 50, yana nufin ƙafar na cikin tsananin ƙarancin jini.

Amma awon na iya yaudara. Jijiyoyin mai sukari, musamman mai ciwon ƙoda, kan yi tauri kamar bututun ƙarfe, robar awo ta kasa matse su, lamba ta fito sama da 1.3 ko ma ta fito daidai alhali jini bai isa ba. Shi ya sa ake ƙarawa da awon babban yatsa, domin jijiyoyin yatsa ba su cika yin wannan tauri ba. Awon yatsa ƙasa da 30 yana nuna da wuya rauni ya warke sai an buɗe hanya. In aka ga haka, sai a yi hoton jijiyoyin, ko na sikanin ko na siti da ake zuba rini a jini. Kafin a zuba rinin ana gwada ƙoda, kuma likita na iya dakatar da maganin sukari na metfomin na ɗan lokaci.

Idan aka ga hanyar jini ta toshe, fasa aikin ake yi?

Ya danganta da abin da ya kawo aikin. In na gyara ne da zai iya jira, to a fara buɗe hanyar jini tukuna. Ana yin haka ta zura siririn bututu daga matsematsi a hura ɗan balan-balan a inda ya ƙuntace, ko a ɗauko jijiya mai mayar da jini daga ƙafar mutum a yi wa toshewar kwana da ita.

In kuwa mugunya ce ta taru a cikin tafin ƙafa, ko ruɓa mai ruwa na hawa sama, ba a jira. A fasa, a cire abin da ya mutu a ranar, a bar wurin a buɗe, maganar hanyar jini ta biyo baya cikin kwanaki kaɗan. Ku kuma sanar da likita idan an taɓa yi muku aikin jijiya a ƙafar, domin a irin wannan hali akan guji ɗaurin matse jini da ake sawa a cinya lokacin tiyata.

An sallamo mu. Me za mu riƙa dubawa, kuma sau nawa?

A makon farko ku duba sau uku a rana. Ku haɗa shi da sallar Asuba, Azahar da Isha don kada a manta. Ku roƙi mai wankin ciwo ya bar kan yatsu a waje idan aikin ya ba da dama. Abu biyar ake dubawa, kullum ana kwatanta ƙafar da 'yar uwarta:

Ɗumi. Ku sa bayan hannu a kan yatsu, saman ƙafa da ƙauri, ku ji ko akwai inda ɗumi ya yanke. Launi. Littattafan likitanci suna maganar fata ta yi ja ko ta yi fari, amma a baƙar fata ba haka abin ke fitowa ba. Ku duba tafin ƙafa, cikin yatsu da ƙarƙashin farce, da hasken rana ko tocila mai farin haske. Abin tsoro shi ne launin toka, shuɗi-shuɗi, ko duhun da ya fi na kewaye. Dawowar jini. Ku danna kan yatsa na daƙiƙa 5 ku saki. Launi ya kamata ya dawo cikin daƙiƙa 2 zuwa 3. Motsi. Yana iya motsa yatsun kamar jiya? Sai bandeji: ya jiƙe, ya canza launi, yana wari?

Ku ɗauki hoton ƙafar da waya kowace safiya a wuri ɗaya, domin ido yana sabawa da canjin da ke zuwa a hankali. Mata kuma a haƙura da lalle a ƙafa, kafin aiki da bayansa, har a warke. Lalle yana rufe launin da ake son gani, a farce da tafin ƙafa duka.

Waɗanne alamomi ne ba a kwana da su?

Ƙafa ta yi sanyi farat ɗaya, launinta ya kwashe, yatsu sun daina motsi, ta yi dindiris fiye da yadda aka saba, ko wani zugi ya taso wanda magani ba ya kwantarwa. Wannan alamar jijiya mai kai jini ta toshe gaba ɗaya ce, ko gudan jini ya daskare a inda dama ya ƙuntace, ko ya taso daga zuciya ga mai bugun zuciya mara tsari. Naman ƙafa da jijiyoyin ji suna fara mutuwar da ba ta dawowa cikin kamar awa 6. Wanda abin ya same shi bayan Isha ya ce sai gari ya waye, ya riga ya cinye lokacin.

Kada a gasa, kada a murza, kada a ɗaga ƙafar sama. A lulluɓe ta da mayafi mara nauyi a tafi sashen gaggawa. Kada a ba shi abinci, domin mai yiwuwa a shiga da shi tiyata, sai dai a auna sukari. In ya sauka ƙasa da 4, ko 70 a na'urar da ke ƙirga da manyan lambobi, a ba shi abu mai zaƙi a faɗa wa likita.

Sauran abubuwan da ba a jira da su: zazzaɓi da ya kai digiri 38, rawar ɗari, wari mai ƙarfi, ƙuraje masu baƙin ruwa, fata mai ƙaras-ƙaras idan an danna, ruɗewa, da sukarin da ya tashi ya ƙi sauka ba tare da an canza abinci ba.

Ba ya jin zafi ko kaɗan. Ba alamar sauƙi ba ce?

A'a. Wannan ne ma ya fi jawo yanke ƙafa. Wanda sukari ya kashe wa jijiyar ji zai iya taka ɗinki har ya yage, ko yatsansa ya mutu cikin bandeji, yana hira da masu dubiya. Zafi shi ne mai gadin jiki, shi kuwa nasa mai gadin ba ya nan, sai idon mai jinya da hannunsa su tsaya a madadinsa. Kada a dogara da "ya jiki?" da "da sauƙi". A buɗe mayafi a duba.

An cire wa mahaifinmu yatsa ɗaya, yanzu na kusa da shi ya yi baƙi. Me ya faru?

Hanya biyu ce ta fi kawo haka. Ta farko, dama jinin bai isa ba, yanka da kumburin bayan aiki suka ƙarasa ɗan abin da ya rage. Ta biyu, ƙwayoyin cuta ne suka bi ta tsakanin yatsu, kumburinsu ya toshe ƙananan jijiyoyin da ke gefen yatsa. Wannan na faruwa ko da ana jin bugun jini sosai a saman ƙafa. Yatsu maƙwabta suna shan jini daga reshe ɗaya, shi ya sa abin ke tsallakawa.

Ku lura da irin baƙin. In ya bushe, ya ƙanƙance, ba wari, ba ruwa, kuma akwai iyaka bayyananniya tsakaninsa da lafiyayyar fata, to busasshiyar ruɓa ce. Ana barinta a bushe, sau da yawa a shafa ruwan aidin, ba a jiƙawa, ba a jan ta, sannan a gaggauta auna hanyar jini cikin kwanaki. In kuwa ya kumbura, yana ruwa, yana wari, ba a gane iyakarsa, ruɓa mai ruwa ce, kuma a ranar ake komawa asibiti. Ita ce mutane kan kira daji ko su danganta da jifa, a tafi neman magani wani wuri har ta kai gwiwa. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. A yi ta a hanya.

Mun san kalmar yankewa tana da nauyi a zuciya. Amma yatsa ɗaya da aka cire a kan lokaci, mutum yana komawa kasuwa da takalminsa. Jinkirin mako biyu kan mayar da maganar yatsa ta koma maganar ƙasan gwiwa.

Bakin ɗinkin ya yi duhu, wani wurin ma ya buɗe.

Gefen fata shi ne ƙarshen inda jini ke kaiwa, don haka shi ke fara nuna gazawa. Abubuwan da ke jawo haka: ƙarancin jini, kumburin da ya ja zare ya matse, jini da ya taru a ƙarƙashin ɗinki, ko taka ƙafar da wuri. Likita na iya warware wasu zaren don fata ta sarara. Ɗinkin ƙafar mai sukari kan kai mako 3 ko fiye kafin a cire, kada a matsa a cire da wuri. In rauni bai ragu da kusan rabi ba cikin mako 4 zuwa 6 duk da kulawa mai kyau, a sake auna hanyar jini ko da awon farko ya yi kyau. A kuma duba yawan jini a jiki da abinci: nama ba ya tsirowa sai da ƙwai, kifi, wake, nama ko nono, gwargwadon abin da ƙoda za ta ɗauka.

A ɗaga ƙafar a kan matashi ko a bar ta a shimfiɗe?

Ba amsa ɗaya ba ce ga kowa. Wanda jininsa ke isa sosai, ɗaga ƙafa daidai tsayin ƙirji yana rage kumburi. Wanda hanyar jininsa ta ƙuntace ƙwarai, ɗagawa na rage ɗan jinin da ke gangarawa. Nasa a shimfiɗe ake bari. In an ɗaga sai zugi ya ƙaru ko yatsu suka kwashe, a sauke a gaya wa likita. Zama a kujera ƙafa na reto yini guda ma ba shi da kyau, yana tara kumburi.

Ko wanne ne, matashin ya kasance ƙarƙashin sha-raɓa, dunduniya tana lilo ba ta taɓa katifa. Dunduniyar mai ƙarancin jini kan yi gyambon kwanciya cikin 'yan kwanaki, kuma yana daga cikin mafi wuyar warkewa. A kula da dunduniya biyun.

Bandeji ko siminti ya matse. Mu jira ranar komawa?

Kada ku jira. Ƙafa na ci gaba da kumbura a kwana 2 zuwa 3 na farko, abin da aka ɗaura daidai jiya yana iya zama tarko yau. In yatsu sun kumbura, sun yi sanyi ko duhu, ko zafi na ƙaruwa idan an miƙar da su, a koma a tsaga simintin. Bandeji mai roba kuwa, in yatsanku ba ya shiga ƙarƙashinsa, ku sassauta na saman ba tare da taɓa audugar da ke kan ciwon ba, sannan ku tafi.

Mene ne gudan jini a ƙafa, kuma ta yaya ya bambanta da toshewar da kuka ambata?

Wannan a jijiya mai mayar da jini yake faruwa. Tsokar sha-raɓa ce famfon da ke tura jini sama idan ana tafiya. In aka kwanta, ko aka sa siminti, famfon ya tsaya, jini ya kwanta ya daskare. Ƙafar ba sanyi take yi ba. Kumbura take yi, ta yi ɗumi, sha-raɓa ta yi tauri da nauyi. Ku auna da tef ɗin tela: santimita 10 ƙasa da ƙullin ƙashin da ke ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa, a ƙafa biyun. Bambancin da ya wuce santimita 3 abin nuna wa likita ne a ranar, kuma sikanin ne ke tabbatarwa. Yana iya fitowa a ƙafar da ba a yi wa aiki ba.

Babban haɗarinsa shi ne gudan ya ɓalle ya tafi huhu. Numfashi ya yi sama-sama farat ɗaya, ƙirji ya soke idan an ja numfashi, zuciya ta yi sauri, tari da jini, ko suma. Wannan gaggawa ce ta rai. Shi ya sa ba a tausa ko murza kumburarriyar sha-raɓa.

Waɗanda suka fi shiga haɗari: masu ƙiba, waɗanda suka haura 60, wanda ya taɓa yi a baya, mai ciwon daji wato sankara, mai ciki ko mai jego, da mai shan ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin istirojin. Rigakafinsa motsi ne: motsa yatsu, lanƙwasa gwiwa da miƙewa sau da yawa a kowace awa, tashi da sanduna ba tare da taka ƙafar ba da zarar likita ya yarda, da shan ruwa sosai in ba a ƙayyade shi ba saboda ƙoda ko zuciya.

An rubuta mana allurar ciki da magungunan tsinka jini. Yaya ake amfani da su?

Allurar da aka fi bayarwa ita ce inoksafarin, wadda aka fi sani da Clexane, galibi miligiram 40 sau ɗaya a rana don rigakafi, ana ragewa ga mai raunin ƙoda. Ana yin ta a gefen ciki, aƙalla santimita 5 daga cibiya. A tattaro fata da yatsu biyu, a soka a miƙe, kada a fitar da 'yar iskar da ke cikin sirinjin, kada a murza wurin bayan an zare. A yi ta lokaci ɗaya kullum, a kauce wa inda aka yi insulin.

In an tabbatar da gudan jini, magani kan ɗauki aƙalla wata 3. Mai shan ƙwayar tsinka jini ta wafarin yana buƙatar gwajin INR, wanda ke nuna yadda jini ya tsinke, a kai a kai, ana son ya tsaya tsakanin 2 da 3. Ganyaye irin su alayyahu da zogale suna rage ƙarfin wafarin. Ba a hana ci ba, sai dai kada a yi mako ba a ci ba sannan a cika kwano.

Asfirin miligiram 75 ko kulofidogirel, tare da maganin rage kitsen jini irin atobastatin, su kuma na kare jijiyoyi masu kai jini ne. Kada a dakatar da su ko a ci gaba da su lokacin aiki sai da umarnin likitan tiyata. Abin da muke gargaɗi a kai da babbar murya shi ne haɗin kemis na ciwon jiki. Daikulofenak da ibufurofen suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki idan sun haɗu da waɗannan magunguna, suna kuma cutar ƙoda. Baƙin bayan gida kamar kwalta, fitsari da jini, ko haɓon da ya ƙi tsayawa, duk na komawa asibiti ne.

Safar matse ƙafa da ake sayarwa don hana gudan jini ba ta dace da mai ƙuntacewar jijiya ko wanda ƙafarsa ta yi dindiris ba. Kada a saya sai an auna.

Jini yana ɓulɓulowa ta bandeji.

Ɗan tabo a ranar farko ba komai ba ne. Ku zagaye shi da biro ku ga ko yana faɗaɗa. In yana zuba, a kwantar da mutum, a ɗora tsabtataccen ƙyalle a kan bandejin, a danna da tafin hannu minti 10 zuwa 15 ba ɗagawa, a ɗan ɗaga ƙafar. In ya jiƙe a ƙara wani a kai. Kada a ɗaure ƙafa da igiya ko roba, kada a zuba toka ko garin magani. Jinin da ke tsartuwa, ko wanda bai tsaya ba bayan minti 15, a tafi da shi ana dannawa.

Bayan wata guda ƙafar ta kumbura ta yi zafi-zafi, amma ciwon ya warke kuma ba zazzaɓi.

Ban da gudan jini da ƙwayoyin cuta, akwai abu na uku da ake yawan mantawa, ana kiransa ƙafar Shako. Yana samun wanda jijiyar jinsa ta mutu amma jini na isa sosai, kuma tiyata na iya tayar da shi. Ƙasusuwan tsakiyar ƙafa su yi laushi, su karye a hankali, tafin ƙafa ya rufta. Ƙafar kan fi 'yar uwarta ɗumi da digiri 2 ko fiye, hoton ƙashi na farko kuma na iya fitowa lafiya lau. A daina takawa nan take har likitan ƙashi ya gani. Ba aikin mai ɗori ba ne.

An buɗe masa hanyar jini. Shi ke nan an rabu da matsalar?

Hanyar da aka buɗe na iya sake toshewa, musamman a watannin farko. Kumburi bayan dawowar jini abu ne da aka saba gani, yana raguwa a hankali. Abin lura shi ne dawowar tsohon zugi, sanyin ƙafa, ko ciwon da ya fara warkewa ya tsaya cak. A duba matsematsi inda aka zura bututu: ƙullin da ke girma ko yake bugawa kamar zuciya na buƙatar likita a ranar.

Sukari nawa ake so? Azumi fa?

Kafin aikin da ba na gaggawa ba, ana son gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin wata 3, ya kasance ƙasa da kashi 8. A kwanakin jinya a asibiti ana neman awon sukari na kullum ya zauna daga 7.8 zuwa 10, wato 140 zuwa 180 a na'urar da ke ƙirga da manyan lambobi. Da yawa akan mayar da su kan insulin na ɗan lokaci, wannan ba alamar ciwo ya ƙazanta ba ne. Masu shan maganin sukari na emfagilifulozin ko dafagilifulozin ana dakatar musu kwana 3 kafin aiki.

Mai ɗanyen ɗinki, ko gyambo mai ƙwayoyin cuta, ko wanda aka buɗe wa jijiya kwanan nan, shawararmu ya ajiye azumi, na farilla ko na nafila, har likita ya sallame shi. Ƙishirwa tana kauraro jini, balle a bazarar Kano da zafi ke haura digiri 40. Addini ya yi wa mara lafiya rangwame.

Taba, gashi da ruwan zafi, ƙaho da sakiya?

Taba ko wace iri ce, sigari, shisha, ta shaƙa ko ta taunawa, tana tsuke jijiyoyin jini. A daina aƙalla mako 4 kafin aiki, in ba a samu haka ba a daina yau. Masu dubiya ma kada su sha a ɗakin.

A hunturu ƙafar mai ƙarancin jini tana sanyi, sai a jawo kaskon garwashi ko a kawo ruwan zafi a yi gashi. Ƙafar da ba ta ji ba ta san ta ƙone ba, wadda jini bai isa ba kuma ba ta iya kwashe zafin. Safa mai laushi mara matsewa da bargo sun isa. Ƙaho, tsaga da sakiya kuwa sabon rauni ne a fatar da ta kasa warkar da na farko, kuma ga mai shan maganin tsinka jini zubar ba ta tsayawa da wuri.

Alwala da salla fa?

Ruwa kada ya taɓa bandeji. Malamai sun yi bayanin shafa a kan abin da aka ɗaure ciwo da shi, da kuma taimama. A tambayi malami yadda ake yi. A yi salla a zaune, ƙafa a miƙe, domin sujada da zaman tahiya suna lanƙwasa yatsu su ɗora nauyi a kan ɗinki. Wajen wanka a rufe da leda, amma kada a ɗaure bakinta da roba mai matsewa.

Me ya sa ake ta gwada zuciyarsa alhali ƙafa ce ke ciwo?

Cutar da ta ƙuntace jijiyoyin ƙafa ita ce dai a jijiyoyin zuciya da na ƙwaƙwalwa. Kwanakin bayan tiyata lokaci ne da bugun zuciya kan auku, kuma ga mai sukari yana iya zuwa ba ciwon ƙirji: sai gumi, haki, amai ko kasala mai tsanani. Karkacewar baki, nauyin harshe ko mutuwar hannu ɗaya alamar shanyewar ɓarin jiki ce. Hawan jini ana son ya zauna ƙasa da 130 bisa 80 ga mafi yawan masu sukari.

Muna da niyyar Umara. Yaushe zai iya shiga jirgi?

Tafiyar Kano zuwa Jidda ta haura awa 4 a zaune, ga zaman jira a filin jirgi, kuma haɗarin gudan jini yana nan makonni bayan aiki. Ga ɗawafi da sa'ayi a kan ƙafar da ba ta gama haɗewa ba. A bari ciwo ya rufe sarai, a sami takalmin da ya dace, likita ya ba da izini, kuma shi zai faɗa ko ana buƙatar allurar rigakafi a ranar tafiya.

In wani abu ya taso da dare a Kano, ina za mu nufa, da me za mu tafi?

Ku nufi sashen gaggawa na babban asibiti, kada ku tsaya a kemis. Akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a kan titin Zariya, Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad a cikin gari, Asibitin Muhammad Abdullahi Wase a Nasarawa, da Asibitin Ƙashi na Dala. In da hali ku koma inda aka yi aikin, don su suka san abin da ke ƙarƙashin bandejin. Tun ranar sallama ku tambayi inda za ku zo idan dare ya yi, ku kuma ajiye lambar mai mota a unguwa.

A kwantar da shi a kujerar bayan mota, ƙafa a miƙe, maimakon a bar ta tana reto a adaidaita sahu ko babur. Ku ɗauki katin asibiti, takardar sallama, duk magungunan a cikin kwalayensu har da na gargajiya, na'urar awon sukari, da wayar da ke da hotunan ƙafar. Da isarku ku faɗi abu uku a jere: mai ciwon sukari ne, an yi masa aiki a ƙafa ranar kaza, ƙafar ta canza tun ƙarfe kaza. Ku faɗi lokacin da ya sha maganin tsinka jini na ƙarshe da lokacin da ya ci abinci. In ana zargin toshewar jijiya, ku tambaya ko akwai likitan tiyatar jijiyoyin jini a wurin. In babu, ku nemi takardar turawa a daren, kada a bar ta sai zagayen safe.